Muhawara: Ƙarin ruwa ga yaro mai jin jiki, ina iyakarsa?

Baban Biyu, Agege
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda ya san harkar asibiti ya fahimtar da ni, don hankalina bai kwanta ba. 'Yar ƙanena ce, shekararta ɗaya da 'yan watanni, tana kwance a sashen gobe-da-nisa na wani asibiti a nan Legas. Da zazzaɓi abin ya fara, daga baya suka ce cutar ta shiga jini. Ranar da aka kai ta an yi ta ƙara mata ruwa ba ƙaƙƙautawa. Yau kuma uwar ta ce mini sun rage ruwan ƙwarai, sai ka gaji da jira kafin ɗigo ɗaya ya sauko, har sun yi mata allurar sa fitsari. Yarinyar da ba ta ci ba ta sha, ita za a rage wa ruwa? Ni da na leƙa ta na ga fuska ta ciko, kumatu sun fito, har na yi hamdala a zatona sauƙi ne. Sai nas ɗin ta ce wai wannan cikowar ce ma ke damunsu. Da kilo 10 aka kawo ta, yau sikeli ya nuna 11.3. Don Allah wanda ya sani ya yi mana bayani.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12
Wa alaikumus salam. Allah ya tashi kafaɗunta. Ɗana, ku fara bincika ko kuɗin da kuka ajiye ne ya ƙare ba a gaya muku ba. Ni a sanina ruwa shi ne ke tayar da yaro. Lokacin kwalarar da aka yi a Legas a watan Yunin 2024, ɗan yaron shagona an ɗauke shi kamar gawa, ido ya faɗa, fata ta yamushe. Ruwa aka sakar masa yana gudu kamar famfo, kafin asuba ya buɗe ido yana neman nono. Da idona na gani. To yaya za a ce yau ruwa ya zama abin tsoro?

Anti Nas, Idi-Araba
Wa alaikumus salam. Yaya, Allah ya ba ta lafiya. Ban ga yarinyar ba, likitocin da ke kanta su ne da magana, amma abin da ka bayyana muna ganinsa kullum a ɗakin yara. Yaron da ba ya cin abinci ba ya ƙiba a gadon asibiti. Wannan kilo 1.3 da ta ƙaru ruwa ne, lita ɗaya da mil 300, kwance a jikinta. In ka koma ka duba fatar idonta, ka duba bayan hannu da bayan ƙafa, ka ga ko robar suna da aka ɗaura mata a wuyan hannu ta fara nitsewa cikin fata. Ka danna ƙaurinta da yatsa a hankali, in ka ɗaga za ka ga gurbin ya zauna. Na fuska da ƙafa shi ne wanda ido ke gani. Wanda ke hana mu barci shi ne wanda ya shiga huhu.

Alhaji, ku yi haƙuri, ba na jin maganar kuɗi ce. Ledar ruwa tana cikin abubuwa mafi arha a wannan sashen. Kuma rage ruwan ya fi sakinsa wahala a wurin ma'aikata, don sai an yi ta lissafi awa bayan awa.

Likitan Yara, Ikeja
Salamu alaikum. Allah ya ba ta lafiya. Ni ma ba zan yanke hukunci kan yarinyar da ban duba ba, amma bari in faɗi yadda abin yake, don tambayar tana da muhimmanci ga kowa.

Idan cuta ta shiga jinin yaro ta yi tsanani, jijiyoyinsa suna saki, kuma bangon ƙananan jijiyoyin yana fara yoyo. Jini ya kasa zagayawa yadda ya kamata, hannu da ƙafa su yi sanyi, bugun jijiya ya yi rauni. A wannan sa'a ana ƙara ruwa da sauri don a cika jijiyoyin, zuciya ta samu abin bugawa. Wannan daidai ne, kuma yana ceton rai. Sai dai ruwan ba ya zama a jijiya. Cikin 'yan sa'o'i mafi yawansa ya tsiyaye zuwa cikin tsoka, ƙarƙashin fata, huhu, bangon hanji. A lokaci guda kuma jikin da ke cikin wahala yana fitar da wani sinadari mai umartar ƙoda ta riƙe ruwa, ita kanta ƙodar wataƙila ta taɓu. Duk mazaunin Legas ya san abin da ke faruwa in ana ruwan sama kwata ta toshe: sama ba ta daina zubowa ba, ƙasa ba ta kwashewa, sai ruwa ya nemi ɗakunan mutane.

Huhun da ya jiƙe ba ya karɓar iska da kyau, sai yaro ya daɗe a kan na'urar numfashi, kuma kowace rana a kan na'urar tana da nata haɗarin. Ƙoda tana cikin wata fata ce da ba ta miƙewa sosai, in ta kumbura sai ta matse kanta, fitsari ya ƙara raguwa, ruwa ya ƙara taruwa. Hanjin da ya kumbura ba ya karɓar abinci. Ciki ya ɗaga ya danne huhu daga ƙasa.

Akwai lissafin da muke yi, wanda wani likitan ƙodar yara a Amurka, Stuart Goldstein, da abokan aikinsa suka fito da shi a 2001. A haɗa duk ruwan da ya shiga jikin yaro tun ranar da aka kwantar da shi, a cire duk wanda ya fita, a raba saura da nauyin da ya zo da shi, a mayar da shi kashi cikin ɗari. Da sikeli ma ana iya kamantawa. Yarinyarku ta zo da kilo 10, ta ƙaru da 1.3, kashi 13 cikin ɗari ke nan. Da zarar an haura kashi 10, likita ya kamata ya tsaya ya sake tunani. Don haka abin da ka ce sun yi, rage ruwa da taimaka wa ƙoda ta fitar, shi ne abin da ake tsammani a wannan gaɓar.

Baban Biyu, Agege
Na gode Likita, Allah ya saka da alheri. To amma kashi 13 ɗin nan, haɗari ne sosai?

Likitan Yara, Ikeja
Alama ce ta a yi hattara, ba hukunci ba ne a kan rayuwarta. Zan kawo alƙaluma, amma ka riƙe cewa na taron yara ne, ba na 'yarku ba. A 2010 an wallafa nazarin yara 297 a Amurka waɗanda ciwo ya kai su ga wankin ƙoda mai tafiya ba tsayawa a sashen gobe-da-nisa. Cikin waɗanda ruwan da ya taru a jikinsu bai kai kashi 10 ba lokacin da aka fara wankin, kashi 29 suka rasu. Masu tsakanin 10 da 20, kashi 43. Waɗanda suka kai 20 ko suka haura, kusan kashi 66. Waɗannan yara ne mafi tsananin ciwo, waɗanda ƙodarsu ta riga ta gaza. Sannan a 2018 wasu masu bincike a Kanada suka tattara nazari 44 da suka shafi yara 7,507, suka ga cewa taruwar ruwa tana tafiya tare da yawan mutuwa, da daɗewa a kan na'urar numfashi, da ciwon ƙoda. Labari mai daɗi shi ne masu kula da 'yarku sun lura, suna aunawa, sun fara juya akalar. Inda ake jin tsoro shi ne inda ba wanda ke aunawa.

Ɗalibar Likitanci, Surulere
Malam, da izininka ina da ja a nan. Waɗannan nazarin duk na kallo ne, ba a raba yara gida biyu aka gwada ba. Yaron da ya fi jin jiki shi ake bai wa ruwa da yawa, shi ne ƙodarsa ke tsayawa, shi ne kuma ya fi kusa da mutuwa tun asali. To me zai hana a ce kumburin shaida ce kawai ta tsananin ciwo, ba shi ne ke kashewa ba? Ina tsoron kada mutanen zaure su tashi da fahimtar cewa ruwan ne ya kashe waɗannan yaran, gobe uba ya hana a sa wa ɗansa ruwa a lokacin da yake buƙata.

Likitan Yara, Ikeja
Ƙanwata, tambayarki a kan hanya take, kuma tsoronki ma haka. Gaskiya ne na kallo ne. Masu binciken sun san da wannan, shi ya sa suka saka tsananin ciwon kowane yaro cikin lissafi, kuma alaƙar ba ta ɓace ba. Abin da ya fi rinjayar da ni shi ne yadda haɗarin ke hawa mataki-mataki da yawan ruwan, ga kuma abin da muke gani a gefen gado: ki fitar da ruwa daga yaron da huhunsa ya jiƙe, ki ga buƙatarsa ta oksijin ta sauka. A ganina abubuwan biyu duk suna nan. Tsananin ciwo yana kawo taruwar ruwa, taruwar ruwan kuma tana ƙara nata a kai. Na farkon ba a hannunmu yake ba, na biyun akwai abin da za mu iya.

Kuma ki lura da wani abu in kin shiga zagaye. Yawancin ruwan da ke taruwa ba na ranar farko ba ne. Na kwana na biyu da na uku ne, wanda ba wanda ya kira shi ƙarin ruwa: wanda aka narka maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki, wanda ake wanke kanula (robar da ke cikin jijiya) da shi bayan kowace allura, jinin da aka ƙara, madarar da ke bi ta robar hanci, ga ruwan yau da kullum yana ta tafiya yadda aka rubuta tun farko ba wanda ya sake dubawa. Mil 20 nan, mil 30 can. Ga babba ba komai ba ne, ga mai kilo 10 kuwa kafin kwana ya zagayo ya zama abin magana.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12
Likita, na ji bayaninka, amma ba ka amsa mini ba. Yaron da na gani da idona fa? Da an tsaya wannan lissafin naku da ya tafi.

Likitan Yara, Ikeja
Ranka ya daɗe Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, kuma waɗanda suka sakar masa ruwa sun yi daidai. Mai kwalara ruwansa ya zube ne ta amai da gudawa, ana mayar masa da abin da ya rasa. Shi ma kuma da lissafi aka yi, ko da ba a faɗa muku ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yaron da gudawa ta busar da shi ƙwarai ita ce mil 100 ga kowane kilo na nauyinsa. In ya haura shekara ɗaya, ana ba shi mil 30 ga kowane kilo cikin rabin awa, sauran 70 cikin awa biyu da rabi. In jariri ne ƙasa da shekara, a hankali ake bi, awa shida. Da zarar ya iya sha, sai a koma ruwan gishiri da sukari ta baki.

Yaron da zazzaɓi ya kayar ba tare da ya zubar da ruwa ba, nasa daban ne, kuma a nan Afirka aka gano haka. A 2011 aka wallafa wani babban gwaji mai suna FEAST, wanda Farfesa Kathryn Maitland ta jagoranta a asibitocin Uganda da Kenya da Tanzaniya. Yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani da alamun jini ba ya zagayawa da kyau, fiye da rabinsu maleriya ce. Aka raba su: wasu aka tura musu ruwa da sauri a awar farko, wasu aka bar su da ruwan yau da kullum mai tafiya a hankali, tare da sauran magunguna. Kowa ya zaci masu ruwan sauri za su fi tsira. Cikin awa 48, kimanin kashi 10.5 na masu ruwan sauri suka rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 7.3. Sai da aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Kuma ka lura, ba a saka masu gudawa, ko masu tamowa mai tsanani, ko masu ƙuna a ciki ba, don haka bai taɓa irin yaron da ka gani ba.

Ɗalibar Likitanci, Surulere
Malam, amma a FEAST ɗin, da suka koma suka bi yadda yaran suka rasu, an ga yawanci zagayawar jini ce ta durƙushe, ba huhu ne ya cika da ruwa ba. Kuma asibitocin ba su da na'urar numfashi. Ina ganin bai kamata a haɗa shi da maganar taruwar ruwa a sashen gobe-da-nisa ba.

Likitan Yara, Ikeja
Haka ne, matsaloli biyu ne, ɗaya ta saurin turawa, ɗaya ta taruwa cikin kwanaki. Na kawo shi ne don in nuna wa Alhaji cewa ruwa yana iya cutarwa ko a hannun ƙwararru. Batun na'ura da kika ɗauko shi ya fi shafarmu. Ƙa'idar duniya ta kula da yara masu cuta a jini da aka fitar a 2020 ta raba magana biyu. Inda akwai sashen gobe-da-nisa, ana iya ba da har mil 40 zuwa 60 ga kowane kilo a awar farko, amma kaɗan-kaɗan, mil 10 zuwa 20 a kowane karo, ana dubawa, a tsaya da zarar hanta ta fara girma ko an ji ƙarar ruwa a huhu. Inda babu irin wannan sashen, in awon jinin yaro, wato BP, bai faɗi ba, ba a tura ruwan sauri sam. To ki ƙirga asibitocin da yaranmu ke fara faɗawa a Agege, Ijora, Alaba Rago, nawa ne ke da na'urar numfashi ta yara? Mafi yawansu a kashi na biyu suke.

Mai Kyamis, Alaba Rago
Salamu alaikum. Ni dai zan faɗi abin da ke ƙasa. Mutanenmu in ba a sa wa yaro ruwa ba gani suke ba a yi masa komai ba. Uwa za ta zo da yaro yana zazzaɓi ta ce a sa masa leda ɗaya ya samu ƙarfi. In ka ce a'a ta wuce shago na gaba a sa masa. Wasu har launi suke zaɓa, sai mai ruwan ɗorawa. Ni ba na sa wa ƙananan yara, amma na san ana yi, kuma leda guda ce dai, mil 500.

Anti Nas, Idi-Araba
Malam, Allah ya saka maka da ka faɗi gaskiya, amma wannan "leda guda ce dai" ita ce ke kawo mana yara suna haki. Bari in lissafa maka. Yaro mai kilo 10, duk jinin jikinsa bai wuce mil 800 ba. Ruwan da yake buƙata a awa 24 in ba ya sha, lita ɗaya ce, kusan mil 40 a awa. Ledar mil 500 abincin awa 12 ce a wurinsa. In aka sake ta ta ƙare cikin awa ɗaya, an zuba masa fiye da rabin adadin jininsa. In kuma yana da ƙarancin jini saboda maleriya, ko ciwon huhu, zuciyar da ke fama da kyar ita za ta ɗauki wannan kayan.

Ga kuma robar. Ta manya, ɗigo 20 ne ke yin mil ɗaya. Mil 40 a awa da irin wannan robar ɗigo 13 ne a minti, ɗan murzawa kaɗan ya ninka. Ta yara ɗigo 60 ne a mil, kuma tana da 'yar gora mai awo a sama da muke kira buret, mukan zuba na awa ɗaya ko biyu mu rufe ledar, ko da wani ya taɓa iyakar abin da ke gorar ne zai shiga. Lasisin kyamis ma bai ba da damar yin allura ko ƙarin ruwa ba. Launin ɗorawan nan kuwa bitamin ne aka zuba, ba ya ƙara wa ruwan ƙarfi.

Kuma ina roƙon iyaye mata da kakanni, don girman Allah, 'yar tayar nan da ke jikin roba kada a taɓa ta. Sau da yawa in dare ya yi mai jinya takan ga ruwan yana tafiya a hankali, ta murza don ya ƙare da wuri a huta. Da kyakkyawar niyya ake yi, na sani. Amma jinkirin nan shi ne maganin.

Maman Ƴan Uku, Obalende
Sannunku. Baban Biyu, ka gaya wa matar ƙanenka ta kwantar da hankali, na zauna a irin kujerar da take zaune. Autana ya kwanta a irin wannan sashen, ya kumbura har idonsa ya rufe. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da aka ce kada in yar da famfas. Akwai ɗan sikeli a gefen gado, nas ta auna busasshe ta rubuta nauyin a jikinsa da biro, in ya jiƙe ta sake aunawa, ta ce kowane giram mil ɗaya ne. Amai ma sai an rubuta, ruwan da aka zuƙo ta robar hanci sai an rubuta. Akwai wata doguwar takarda a ƙarshen gado, gefe ɗaya na shiga, gefe ɗaya na fita, da asuba a haɗa jimla. Da na gane abin, ni da kaina nake tuna musu in an canja famfas ba a auna ba. Ranar da fitsari ya ɓalle masa, nas ɗin ta fi ni murna.

Abu ɗaya da ya kawo mana saɓani a gida shi ne zamzam da rubutu. Surukata ta kawo, ta ce a ɗura masa da cokali. Na rasa yadda zan yi, ga girmanta ga dokar asibiti.

Malam na Ijora
Hajiya, wannan ba abin saɓani ba ne in an fahimta. Addu'a ba ta tsaya a kan sha ba. A tofa a hannu a shafa masa a goshi da ƙirji, a karanta a kusa da kansa, a ɗan jiƙa hannu da zamzam a shafa masa in ma'aikata sun yarda. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa, ɗura masa abu ta baki na iya sa ya shaƙe, kuma shari'a ba ta yarda a cutar da mara lafiya da sunan nema masa sauƙi ba. In ya farfaɗo likita ya ce zai iya sha, sai a ba shi, a faɗa musu adadin su rubuta. Ɓoyewar ce ba ta da kyau.

Baban Biyu, Agege
Jama'a na gode ƙwarai, na tura wa ƙanena duk bayanan nan. Tambaya ɗaya ta rage. Tunda ruwan ya yi mata yawa, me ya sa ba za su cire robar gaba ɗaya su ƙara allurar fitsarin ya fita da wuri ba?

Likitan Yara, Ikeja
Saboda yaro na iya kumbura a waje alhali jijiyoyinsa ba su cika ba. Allurar fitsarin, wadda aka fi sani da Lasix, daga cikin jini take jan ruwa, shi kuma wanda ke ƙarƙashin fata a hankali yake komawa jijiya. In aka yi gaggawa sai jijiya ta bushe, awon jini ya faɗi, ƙoda ta ƙara wahala, ga gishirin jiki irin su fotasiyam suna bin fitsarin su fita, wanda hakan kan taɓa bugun zuciya. Kuma tana buƙatar sukari, don ƙaramin yaro ba shi da ajiya mai yawa, ga magungunanta ta nan suke bi. Shi ya sa ake rage ruwa, a narka magani a ɗan kaɗan, a fara ba ta madara ta robar hanci da zarar hanji ya karɓa, a riƙa gwada jini.

Ƙodar ce abin sa ido. Wani nazari da aka wallafa a 2017 kan yara da matasa 4,683 a sassan gobe-da-nisa na ƙasashe daban-daban ya nuna kusan kashi 27 sun samu taɓuwar ƙoda a makon farko. In ƙoda ta ƙi amsa allura, ana komawa wankin ƙoda, kuma ga ƙananan yara a nan ƙasar an fi yin na ciki, wanda ake saka roba a mara a zuba ruwa na musamman a fitar. A asibitocin koyarwa aka fi samunsa, don haka in an ambata muku shi kada ku ja lokaci wajen shawara.

In likitoci sun zo zagayen safe, ƙanenka ya tambaye su cikin ladabi: nawa ne nauyinta yau, nawa ya shiga nawa ya fita tun jiya, kuma fitsarin ya kai yadda ake so? Ga mai kilo 10 ana son kusan mil 10 a awa, wato ƙaramin cokalin shayi biyu. Likitan kirki ba ya jin haushin irin wannan tambayar.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12
To, na karɓi bambancin gudawa da zazzaɓi. Amma ina nan a kan cewa yaran da rashin ruwa ke kashewa a unguwanninmu sun fi waɗanda yawansa ke kashewa. Kada wannan magana ta sa mutane sanyin ƙafa.

Anti Nas, Idi-Araba
Wannan kam gaskiyarku ce Alhaji, gudawa tana cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya. Amma mafi yawansu ba leda suke buƙata ba. Ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi da cokali ko yana amai, a ci gaba da nono, a haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Ta baki da wuya ruwa ya yi wa yaro yawa, don ƙishirwa ce ke ja masa linzami. Wanda ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ko idonsa ya faɗa, shi ne na asibiti ba tare da jira ba.

Mai Kyamis, Alaba Rago
Anti, to yaron da ƙafafunsa suka kumbura tun daga gida, gashi ya yi ja, kuma yana gudawa fa? Irinsu suna zuwa mini, musamman 'ya'yan waɗanda ba su daɗe da zuwa daga gida ba. Shi ruwa ya yi masa yawa ne ko ya yi kaɗan?

Likitan Yara, Ikeja
Wannan tamowa ce mai kumburi, kuma shi ne yaron da leda ta fi saurin kashewa. Zuciyarsa ta yi rauni saboda yunwa, jikinsa cike yake da gishiri, fotasiyam kuma ya yi ƙasa. Alamomin da muke gane bushewa da su, kamar faɗawar ido da yamushewar fata, a jikinsa suna ruɗi. Ba a sa masa ruwa ta jijiya sai in jininsa ya kasa zagayawa har ya fara fita hayyacinsa, shi ma a asibiti, ana ƙirga numfashinsa da bugun zuciyarsa kowane 'yan mintoci. Ba a kuma ba shi Lasix don kumburin ƙafar, abinci ne ke sauke shi. Akwai ruwan sha na musamman da ake haɗa wa irinsu mai ƙarancin gishiri, ReSoMal, mil 5 ga kowane kilo duk rabin awa a awa biyun farko, sannan madarar F-75 kaɗan-kaɗan dare da rana. In ya zo shagonka, ka ba shi ɗan ruwan sukari da cokali in yana iya haɗiya, don sukarinsu yana faɗuwa da sauri, uwar ta lulluɓe shi a jikinta kada ya yi sanyi, ka sa su a mota zuwa babban asibiti mai sashen yara a ranar. Ka kuma gaya mata ta faɗa wa nas tun a bakin ƙofa cewa kumburin da shi ya zo daga gida.